Idan an kawo maka zanen shafi, "ya yi kyau" ba shawara ba ce

Wata ranar Alhamis bayan sallar isha'i muna zaune a majalisarmu ta nan Sofoline, ana dafa ataya ana gardamar Kotoko da King Faisal kamar kullum, sai ga ɗan ƙanwata da kwamfutarsa a hammata. Yaron yana cikin wasu 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban da ke haɗa wata manhaja ta kyauta, wadda malamin makaranta zai riƙa rubuta sunayen ɗalibansa a ciki, da inda kowane yaro ya tsaya a karatu, da wanda ya kawo kuɗin Laraba da wanda bai kawo ba. Shi aikinsa fassara zuwa Hausa. Sun zana shafin intanet ɗin da za a riƙa sauke manhajar daga cikinsa har iri uku, suka ce kowa ya je ya nuna wa mutanensa, ya kawo ra'ayinsu kafin a zaɓi ɗaya.

Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Kawu, don Allah ku duba mini, wanne ya fi?" Muka karɓi kwamfuta tana zagayawa hannu zuwa hannu. Mu goma sha ɗaya ne a wurin. Wannan ya ce Masha Allah, wancan ya ce kai, yaran yanzu sai addu'a. Da ta iso hannuna na ga na biyun yana da babban hoton masallaci da launin kore mai sanyi, na ce, "Wannan ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Kowa ya bi bayana. Yaro ya tafi da murna, ya rubuta wa abokan aikinsa cewa mutanen Kumasi sun zaɓi na biyu.

Bayan 'yan watanni aka buɗe shafin. Malamin makarantar unguwarmu, wanda dominsa da irinsa aka yi duk wannan wahalar, ya buɗe shi a wayarsa sau biyu, bai ga inda zai danna ya sauke manhajar ba, ya rufe, ya koma wa tsohon littafinsa mai bangon kwali. Bai gaya wa kowa ba. Sai da na tambaye shi da kaina ya ce, "Alhaji, abin nan fa ya ƙi ni, na ɗauka ni ne ban iya ba." Na karɓi wayar na duba. Hoton masallacin nan da na yaba shi ne ya cinye fuskar wayar gaba ɗaya, maɓallin saukewa yana can ƙasa, sai ka ja shafin sau huɗu kafin ka iske shi. A kwamfuta mai faɗi komai yana zaune daidai. A waya kuwa, wadda ita ce abin da malam ya mallaka, an binne abin da ya zo nema.

Tun ranar nake jin ina da laifi, kuma laifin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, ɗabi'armu ce. Abin da nake so in faɗa a wannan rubutu shi ne: idan aka nuna maka zanen shafi ko na manhaja aka ce me ka gani, yabo ba ya taimakon kowa. Abin da ake buƙata a wurinka shi ne ka gwada yin wani abu da shi, ka faɗi inda ka maƙale. Kuma akwai abubuwan da in ba mu 'yan zango muka faɗa ba, babu wanda zai faɗa a duk duniya.

Bari in fara da bayanin irin wannan manhaja, don wani zai ce ina ruwana. Yawancin manhajojin da ke wayarka na kamfanoni ne, yadda suka ga dama haka za su tsara, kai naka amfani. Amma akwai wani iri da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya fara wannan kira a 1983, sannan a 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux ɗin nan aka gina ta. Firefox da VLC da WordPress duk irinsu ne. Har ma tsarin DHIMS2 da Hukumar Lafiya ta Ghana ke tattara bayanan asibitoci da shi tun 2012, an ɗora shi ne a kan DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta. Ka ga ke nan abin ya shafe ka ko ba ka sani ba.

Bambancin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne ƙofa. Babban kamfani yana da kuɗin da zai ɗauki ma'aikata su zagaya duniya suna kallon yadda mutane ke amfani da kayansa. Ƙananan ayyukan sa-kai ba su da wannan. Idanunsu su ne mutanen da suka yarda suka duba suka yi magana. Wanda ya yi magana, da shi za a auna. Wanda ya yi shiru, sai ya sa rigar da aka ɗinka da awon wani.

Misali mafi girma da na sani shi ne na Wikipedia. Manhajar da ke ɗauke da ita, MediaWiki, buɗaɗɗiya ce. Tun 2010 fuskar shafin ba ta sami wani babban sauyi ba, sai a 2019 gidauniyar Wikimedia ta fara aikin sabon tsari, wanda aka sa wa suna Vector 2022. An fara gwada shi a wasu harsuna kamar Faransanci da Farisanci da Ibrananci, ana tambayar masu karatu da masu rubutu. Ranar 18 ga Janairu, 2023 aka mai da shi tsarin kowa da kowa a Wikipedia ta Ingilishi. An ɗauke jerin kanun maƙala daga tsakiyar rubutu an kai shi gefe, an kawo maɓallin sauya harshe sama kusa da take, an kuma rage faɗin layukan rubutu.

Kai, ka ga hayaniya! Ɗaruruwan marubuta suka fito suna cewa an bar fili fari fetal a gefe da gefe, an matse musu rubutu. Aka yi doguwar muhawara a kan a maido da tsohon tsari, ba a sami matsaya ɗaya a kan hakan ba, sabon ya zauna. Masu Wikipedia ta Swahili ma sun haɗu sun nemi a maido musu da tsohon. Wani zai ce to ka gani, an tambaye su ne kawai don cika sharaɗi. Ni ba haka na karanta abin ba. Saboda ƙorafin faɗin layi, an saka maɓallin da mai karatu zai buɗe shafin ya cika allo in ya so. A 2024 kuma aka ƙaro wurin da mutum zai zaɓi girman rubutu da kansa, da yanayin duhu don karatun dare, abin da mutane suka daɗe suna roƙo. Ba su sami duk abin da suka nema ba, amma shafin da muke gani yau ba shi ne zanen farko ba, akwai hannun masu magana a jikinsa.

Ga abin da ya tsaya mini a rai game da wannan rigima. Vector tsarin kwamfuta ne. Masu kukan farin fili mutane ne masu manyan alluna a kan tebur. Mu a zango da waya muke karatu, kuma mai waya wani tsarin daban yake gani, wanda ake kira Minerva. Da a ce mu ne muka cika zauren muhawarar, da ba farin fili za a tattauna ba. Da maganar data za a yi, da ta rubutun da ba ya ganuwa a rana, da ta ƙ da ɗ da ɓ. Kowa ciwon da ke damunsa yake kai wa likita. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, to amma in bai buɗe baki ba, magini ba zai hau rufin ba.

Kuma kada a ce abin na Turawa ne. Matasan Tamale sun dage har aka buɗe Wikipedia ta Dagbani a 2021, daga baya aka sami ta Gurene da ta Fante da ta Dagaare, har da ta Pidgin ɗin Ghana. Wikipedia ta Hausa tana nan da rai, 'yan'uwanmu na Nijeriya ne suka fi ɗaukar nauyinta, Allah ya saka musu. Amma Hausar Kano da ta Aboabo ba ɗaya ba ce a komai. A wurinmu in ka ce makaranta, ta allo da Islamiyya kake nufi, ta boko wani suna muke kiranta da shi. A Kano kalma ɗaya ce ta ɗauke su duka. Mu da sidi muke ciniki, ba naira ba. In ba mu zauna a inda ake zaɓar kalmomin da za a rubuta a kan maɓallai ba, za a yi Hausar da za mu karanta mu gane rabi.

To me ke hana mu magana? Na yi tunani a kan daren nan na majalisa, na ga abu uku suka haɗu. Na farko kara. Yaro ya sha wahala, ya zo da fara'a, an ce kada ka karya masa gwiwa. Na biyu kunya: babba ba ya so ya ce ban gane ba a gaban yara, gara ya gyaɗa kai. Na uku shi ne wanda ya kama malam, wato mun saba in na'ura ta ƙi mu sai mu ɗora wa kanmu laifi. Wannan na ukun shi ya fi cutarwa. Idan mutum mai hankali, wanda ya haddace Alƙur'ani yake riƙe da lissafin yara sama da sittin a kansa, ya kasa samun maɓalli a shafi, shafin ne ya gaza. Kasawar tasa kuwa ita ce labari mafi tsada da mai zane yake nema.

Abin mamaki, a wurin tela ba ma jin wannan kunyar. Ka kai shadda Alabar kafin Sallah, tela ya ce zo ka gwada. Wa ya taɓa sa riga ta shaƙe masa wuya ya ce ta yi kyau don kada ran tela ya ɓaci? Za ka ɗaga hannu, ka zauna, ka sunkuya kamar mai ruku'u, ka ce nan ta ɗame, nan ta yi tsawo. Telan kirki ma godiya zai yi, domin gyara kafin a kafa aiki a wuya ya fi sauƙi. Zanen shafi daidai yake da wannan gwajin. Lokacin da yake zane, sauya wurin maɓalli aikin minti biyar ne. Bayan an gina, an fassara zuwa harsuna, an rubuta littafin koyarwa da hotunansa, sauyin nan ɗaya sai ya ci makonni. Tun ran gini tun ran zane, in ji magabata.

Da muka gane kuskurenmu, na ce wa yaron mu sake, amma ba a majalisa ba, kuma ba da kwamfutarsa ba. Ya gaya mini cewa wani masani ɗan Denmark, Jakob Nielsen, ya rubuta tun shekarar 2000 cewa in ka gwada shafi da mutum biyar kacal za ka gano mafi yawan matsalolinsa. Muka fita tashar Sofoline da tsakar rana, inda trotro ke lodin Abuakwa, muka nemi mutum biyar da muka sani: malam, da wata Hajiya mai sayar da waakye, da wani mai tuƙa pragya, da wata ɗalibar sakandare, da wani dattijo mai gyaran agogo. Ba mu tambayi kowa ko ya yi kyau ba. Muka ce, "Ga adireshin, buɗe a wayarka, ka sauke manhajar." Muka ja bakinmu muka yi shiru, yaron yana rubuta abin da ya gani. Shirun nan ya fi komai wuya, domin hannunka har ƙaiƙayi yake ka nuna wa mutum wurin.

Abin da muka tara cikin awa ɗaya ya fi abin da mutum goma sha ɗaya suka ba shi a wancan dare. Hajiya ta kare wayar da gyalenta tana ƙanƙance ido, ta ce, "Ɗana, rubutun nan da toka aka yi shi?" Rubutu ne mai ruwan toka a kan fari, abin da masu zane ke so domin yana da taushi a ido cikin ɗaki mai sanyi. A ranar Kumasi kuwa ɓacewa yake. Ashe ma akwai ƙa'ida a kan haka: ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta faɗa tun 2008 cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 a kan 1. Zanen da na yaba bai kai ba.

Mai pragya ya jira hoton masallaci yana sauka kaɗan-kaɗan, ya ce, "Alhaji, wannan zai cinye mini bundle," ya rufe tun kafin ya ga komai. Mutumin da ke sayen data ta sidi biyu ko uku da MoMo yana lissafin kowane hoto. Dattijon agogo, mai manyan yatsu, duk lokacin da ya nufi maɓalli ɗaya sai ya danna na kusa da shi. Ya kuma kalli layukan nan uku da ke kusurwar sama, waɗanda a ƙarƙashinsu aka ɓoye jerin zaɓi, ya ɗauka ado ne. Ɗalibar ita kaɗai ta sauke manhajar, amma da ta zo yin rajista aka nemi lambar gidan waya irin ta Amurka, kuma an hana wucewa sai an cike. Mu adireshin GhanaPostGPS muke da shi tun 2017, mai haruffa da lambobi, akwatin kuwa lambobi kaɗai yake karɓa.

Sai maganar Hausa kanta. A wayar malam, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ta zo, sai ta fito da wani salo daban da sauran haruffa, kamar baƙo a tsakiyar sahu, a wani wurin ma akwati ne kawai. Dalili shi ne salon haruffan da mai zane ya zaɓa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Shi bai sani ba, ta ina zai sani? Ga maganin kuwa a kyauta: salon Noto na Google yana da su duka. Haka nan Hausa ta fi Ingilishi cin wuri a wasu maɓallan. Inda Bature ya rubuta haruffa uku, FAQ, mu sai mun ce "Tambayoyin da aka fi yi". An yanka maɓallin daidai da haruffa uku, sai tamu jimlar ta fito an datse mata wutsiya. Akwai kuma akwatin bincike. Yawancin yaranmu ba sa rubuta ƙugiya a waya, wanda ke neman "ƙasa" zai rubuta "kasa". In akwatin bai san ya haɗa su ba, zai ce babu, alhali akwai. Waɗannan abubuwa mai zane a Berlin ko Bangalore ba zai taɓa cin karo da su ba, komai ƙwarewarsa.

Daga wannan rana na koyi yadda ake ba da ra'ayi mai amfani, kuma ba ya buƙatar ka san kwamfuta. Ka faɗi wace waya ce a hannunka, Tecno ce ko itel ko Samsung, sabuwa ko tsohuwa. Ka faɗi abin da ka so ka yi. Ka faɗi abin da ka danna da abin da ya faru, da abin da ka zata zai faru. In za ka iya, ka ɗauki hoton fuskar wayar ka tura. "Na so in sauke manhajar a itel ɗina, na ja shafin sau biyu ban ga maɓalli ba, na rufe": wannan jimla ɗaya ta fi Masha Allah ɗari amfani ga mai zane. Ka kuma raba abin da ya hana ka aiki da abin da kawai bai burge ka ba. In kore bai yi maka ba kana son shuɗi, faɗi, amma ka ce wannan son raina ne. Kada ka haɗa shi da maɓallin da ya ɓace, domin ɗaya ado ne, ɗaya kuwa ƙofa ce a kulle.

Kuma ba sai ka kawo magani ba. Mutane da yawa suna shiru ne don suna ganin in ka kushe dole ka faɗi yadda za a gyara. A'a. Marar lafiya inda ke ciwo yake nunawa, rubuta magani aikin likita ne. Abin da kawai zan roƙa shi ne ladabi. Akwai waɗanda in sun tashi gyara sai su ce wane sakarai ne ya yi wannan. Ka tuna yawancin masu waɗannan ayyuka ba biyansu ake ba, bayan sun tashi daga wurin neman abinci suke zama su yi. Ka soki maɓallin, ka bar mutumin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma malamanmu sun koya mana cewa nasiha da tozarci ba hanyarsu ɗaya ba.

Su ma yaranmu masu kawo zane ina da magana da su. In ka tambayi dattijo "ya yi kyau?" ka riga ka sa masa amsa a baki. In ka tambaye shi a gaban jama'a ka ɗaure shi da kunya. Ka same shi shi kaɗai, ka ba shi aiki ya yi a wayarsa, ka gaya masa tun farko cewa shafin ake jarrabawa, ba shi ba. Ka je wurin mata, domin majalisarmu ta dare babu mace ko ɗaya, alhali iyaye mata ne ke biyan kuɗin makaranta a gidaje da yawa. Ka karɓi saƙon murya da Hausa, kai ka juya shi zuwa Ingilishi ka kai wa abokan aikinka, tunda a mafi yawan waɗannan ayyuka da Ingilishi ake tattaunawa, kuma wannan katanga ce ta gaske. In an gyara, ka dawo ka nuna wa mutumin ka ce ga maganarka ta yi aiki. Wanda ya ga haka sau ɗaya, gobe ba sai ka roƙe shi ba.

Na san akwai mai cewa, Alhaji, muna fama da kwata da rashin aikin yi da kuɗin asibiti, kai kana maganar launin rubutu. Gaskiya ne, ba na ce wannan ya fi waɗancan ba. Amma a duba inda duniya ta nufa. Neman gurbin makaranta, sabunta inshorar lafiya, neman fasfo, biyan kuɗin wuta, duk sun koma kan fuskar waya. Shafin da aka tsara ba da mu a rai ba yana mai da mutum mai lafiya kamar makaho, sai ya nemi wani yaro ya biya shi ya danna masa, ya kuma miƙa masa lambobin sirrinsa. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Ghana, kuma Hausa, duk da yawan masu jin ta a zangonni daga Nima har Bawku, ba ta cikin harsunan da gwamnati ke ɗaukar nauyin koyarwa da wallafa littattafai da su. Babu wani ofishi da aka ɗora wa alhakin duba ko ƙ ta fito daidai a shafi. In ba mu duba ba, ba mai dubawa.

Akwai kuma mai cewa me ya sa zan yi wa wasu aiki kyauta. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma in kamfani mai cin riba ne ya zo yana son lokacinka, ka nemi haƙƙinka, ban hana ba. Amma buɗaɗɗiyar manhaja kamar rijiyar unguwa take. Gyaran da aka yi saboda maganar Hajiya mai waakye, mai karatu a Maraɗi da Zariya da Kumasi duk za su amfana, kuma ba wanda zai zo gobe ya sa wa rijiyar kwado.

Kullum ina wucewa ta gadar Sofoline, aikin da aka fara a 2007 zamanin Shugaba Kufuor. In ka kalli irin wannan gada a takarda, daga sama, za ka ga da'irori masu kyau kamar zanen hula. Amma mai tallan ruwa da faranti a ka ba daga sama take ganinta ba. Ita ta san inda ake tsallakawa, da inda ruwa ke taruwa in an yi sama, da inda mota ke fitowa ba zato. Duk zane haka yake, na titi ko na shafi: akwai abin da mai zane ke gani, akwai abin da mai tafiya a ƙasa kaɗai ya sani.

Mu kuwa ba baƙin rubutu ba ne a ƙasar nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete-Krachi har ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda masana ke nazari har yau. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913, wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa shi da ajami a nan ƙasar, lokacin ana kiranta Gold Coast. Yanzu har ajamin ma yana da salon haruffa na kyauta a kwamfuta, irin su Harmattan da Alkalami da cibiyar SIL ta fitar, na biyun ma an kwaikwayi rubutun hannun Kano ne. Amma ajami daga dama yake farawa, kuma shafin da aka zana ba a yi tunanin haka ba sai ya hargitse in an zuba shi. Wa zai tuna wa masu zane wannan tun da wuri in ba jikokin masu rubutun ba?

Yaron ya kai rahotonsa, abu tara ya lissafa. Abokan aikinsa sun gyara shida: an rage hoton, an ɗauko maɓallin saukewa an kawo sama, an baƙanta rubutu, an sauya salon haruffa, an faɗaɗa maɓallai, an cire tilascin lambar gidan waya. Uku sun ce sai gaba, ɗaya daga ciki ma har yanzu ana gardama a kansa. Malam ya sauke manhajar, yana amfani da ita, ko da yake littafinsa mai bangon kwali yana nan a gefe, ya ce saboda ranar da aka ɗauke wuta waya ta mutu. Ban ga laifinsa ba, kuma na ce wa yaron wannan ma ya rubuta ya kai musu.

Don haka 'yan'uwana na Sofoline da Aboabo da Asawase da Sabon Zango, in yaro ya zo muku da zane ya ce ku duba, ku sa masa albarka, wannan haƙƙinsa ne. Bayan albarkar sai ku ce, kawo adireshin in buɗe a tawa wayar. Allah ya sa mu dace.